Abin da Rariya Ta Zubar

Ƙarfe goma na safe fitilar gado na goma sha bakwai ta juya daga kore zuwa ja, na'urar Jigila ta fara wani ƙugi ƙasa-ƙasa. Injiniya Zayyanu ya ajiye kofin shayinsa, ya jawo kujera gaban allo ba tare da gaggawa ba. Shekara tara yana wannan aiki a Jami'ar Kimiyya ta Birnin Tudun Haske, ya san jar fitila ba mutuwa ba ce. Kan ɗalibi ne ya cika.

Tun da ƙasashe suka daina ba ɗalibai biza, Jigila ce ke kai su gajeren kwas a ƙetare. Ɗalibi zai kwanta a gado mai murfin gilashi, a sa masa ruwan abinci ta jijiya, a tura hankalinsa ta waya zuwa wani jikin roba da ƙarfe a jami'ar da ta karɓe shi. Jikin aro ake ce masa. Da shi zai shiga aji, ya taɓa injina, ya zaga gari har mako shida. Ranar dawowa sai a juye duk abin da ya tara cikin ƙwaƙwalwarsa ta asali. To amma ƙwaƙwalwar da ta yi mako shida a kwance tana da iyakar abin da za ta karɓa a tashi ɗaya, duk abin da ya haura kuwa matatar tunani ce ke zubar da shi. Ɗalibai rariya suke kiranta. Abin da ta zubar ya tafi ke nan, domin jikin aro ba ya ɗaukar hoto ko murya, tunani kuma ba ya ajiyuwa a wajen kai.

Waɗanda suka ƙera na'urar sun ware kashi casa'in cikin ɗari ga darasi, goma ga sauran rayuwa. A lissafinsu, ɗalibi idan ya tashi daga aji ɗaki zai koma ya yi bita. Ba su san mutanenmu ba. A nan, ranar da aka ji za ka yi tafiya, unguwa ce za ta taso maka da saƙo: ka gai da wane, ka yi wa wance ta'aziyya, ka leƙa ɗan wane ka ga ko yana nan a raye. Ba wanda ya damu cewa gangar jikinka tana kwance a bene na huɗu. Kowace shekara Zayyanu kan tara masu tafiya ya ce, "Karatu aka tura ku, ba zumunci ba." Su ce to, Malam. Su je su yi zumuncinsu.

Ya duba sunan. Ramlatu Ilu, ajin ƙarshe, sashen kimiyyar ruwa. An tura ta Kalmera, birnin da aka gina a kan teku, ta koyo yadda ake tace ruwan zartsi, domin rijiyoyin garinsu sun fara gishiri. Darasinta ya ci kashi tamanin da takwas. Sauran rayuwa ta ci arba'in da ɗaya, kuma a dunƙule take wuri guda, irin wadda rariya ba ta iya gutsura. Ko dai a ɗauki wannan, ko a ɗauki wancan.

Doka ta ba ɗalibi minti bakwai ya yi magana ta lasifika kafin a juye, lokacin da komai yake hannunsa tukuna. Zayyanu ya danna maɓalli.

"Ramlatu, kina jina? Injiniya Zayyanu ne. Kin yi lodi fiye da kima. Me kika je kika kwaso?"

"Malam, ina kwana." Muryarta ta fito siririya. "Yayana na gano. Yaya Hashimu. Shekara goma sha ɗaya ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ana gobe zan kwanta Inna ta kira ni ɗaki ta ce in neme shi."

"Kin same shi, madalla. Sau nawa kika je wurinsa?"

"Kullum bayan aji, mako biyar. Da farko bai yarda ni ce ba, ga ni cikin ƙarfe. Sai da na..."

"Minti shida ya rage. Ga yadda abin yake: ko kwas ɗin, ko yayanki. Kanki ba zai ɗauki biyu ba."

Zayyanu ya kalli agogo. Ba mugu ba ne, ya dai ga irin wannan sau tari, har abin ya zame masa kamar cike fom.

"Malam, don Allah ba wata dabara?"

"Da akwai da na yi. Shi ba zai kira gida ba?"

"Ya ce ba zai iya ba, kunya yake ji. Kuma jibi jirginsu na gyaran bututun teku zai tashi, ba su da mazauni. Ya ce ni zan faɗa mata da bakina."

"To ki faɗa mini, in rubuta. Magana ai takarda na ɗaukarta. Ki riƙe karatunki, ki kai mata saƙonta. Kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya."

Ya ji daɗin wannan shawara tasa ƙwarai, har ya gyara zama. Minti biyu suka wuce. Yana jin numfashin Ramlatu ta lasifika, numfashin mai kuka.

"Mutum dubu huɗu ke jiran ruwan nan," ta ce daga ƙarshe. "Rubuta, Malam. Ya ce a gaya mata yana nan lafiya. Ya ce bai manta ba. Ya ce ta yafe masa."

"Shi ke nan?"

"Shi ne saƙon. Amma Malam, da ka gan shi, ya..."

"Saƙon kawai, Ramlatu. Sai na karanta miki sharuɗɗa kin amsa da bakinki, in ba haka ba na'ura ce za ta zaɓa miki."

Ya karanta sharuɗɗan, sakin layi uku, ta amsa da na yarda. Ya danna. Ƙugin ya ƙaru na ɗan lokaci, sannan fitila ta koma kore.

Da azahar aka ɗaga murfin. Ramlatu ta tashi zaune tana murza idanu, ta nemi ruwa, ta kurɓa, ta ce akwai gishiri kaɗan a ciki, ta faɗi adadinsa. Aka auna, haka ne daidai. Likita ya yi murmushi, shugaban sashe ya ce a shekara biyar ba a dawo da kwas cikakke irin wannan ba. Zayyanu ya miƙa mata takardar a ninke, ya yi mata bayani a taƙaice. Ta karanta sau biyu, ta ɗago tana dubansa kamar wadda aka ba wasiƙar maƙwabta.

"Ni na faɗi wannan?"

"Ke kika faɗa."

Ƙa'ida ce injiniya ya raka ɗalibi har zauren jira ya miƙa shi ga danginsa. Iyaye sun cika wurin da kulolin abinci, ana ta sannu da zuwa, ƙanne suna tambayar tsaraba duk da sun san ba a dawowa da ko tsinke. A can gefe wata dattijuwa take zaune ita kaɗai, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Hajiya Gaje ke nan, mahaifiyar Ramlatu. Ta amsa gaisuwar 'yarta, ta tambayi gajiya, ta tambayi karatu, ta yi wa Zayyanu godiya. Sai da ta gama duk wannan, ta kau da kai gefe, ta yi ƙasa da murya. Hashimu ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Shi wancan fa? An dace?"

Ramlatu ta durƙusa, ta buɗe takarda ta karanta mata. Yana nan lafiya. Bai manta ba. Ki yafe masa.

Tsohuwar ta rufe ido ta daɗe. "Na yafe tun tuni," ta ce. Sannan ta matso, ta kama hannun 'yarta da hannu biyu, kunyar duk ta ajiye ta. "Ya rame? Yana cin abinci kuwa? Ƙafar nan tasa ta hagu da ya karye, har yanzu yana ɗingishi? Ya yi iyali?"

Ramlatu ta duba takardar, ta juya bayanta. Fari ne tas. Ta waiwayi Zayyanu.

Zayyanu ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba a shekara tara. Yana da amsar kowace tambaya game da Jigila, tun daga wayar da ke ƙarƙashin teku har zuwa ruwan jijiya. Waɗannan huɗun kuwa, da ya bar yarinyar ta ƙarasa maganarta, da rabin minti ya ishe su.

"Ramlatu, magana nake," in ji tsohuwar. "Ba ke kika gan shi da idonki ba?"

"An ce na gan shi, Inna."

Hajiya Gaje ta saki hannunta a hankali. Ta karɓi takardar, ta shafa rubutun da yatsa, ko da yake ba ta iya karatun boko ba, ta dubi Zayyanu.

"Malam, wannan hannunsa ne?"

"A'a, Hajiya," ya ce. "Nawa ne."