Littafin Lissafi a Ƙarƙashin Kaza

A wani zamani mai nisa, wanda ni kaina, duk da zurfin karatuna, ban tantance shekararsa ba, an yi wani ɗalibi da malaminsu ya ba su lissafi goma. Ya gargaɗe su cewa wanda ya dawo hutu babu amsa ba zai wuce aji na gaba ba.

Ɗalibin ya dubi lissafin, ya ce, "Bai nuna ba tukuna." Da ya ga kazar kakarsa tana kwanci, sai ya cusa littafin ƙarƙashinta, domin a ganinsa zafin da ke fitar da ɗan tsako daga ƙwai ba zai gaza fitar da amsa daga tambaya ba.

Kakar ta ce, "Maigida, yaushe kazata ta shiga makaranta?"

Ya ce, "Ke dai tsohuwa, bai nuna ba tukuna."

Kullum ya leƙa akurki, kullum bai nuna ba tukuna.

Ranar komawa makaranta littafin ya ƙyanƙyashe. Ƙananan littattafai goma suka fito, kowanne da lissafi goma, babu amsa ko ɗaya. Suka bi shi har cikin aji suna kuka.

Malam ya gyara tabarau, ya ce, "Naka ne?"

"Na kaza ne, Malam."

"To, ita ta gama aikinta a kan kari, ita za ta wuce. Kai kuwa ɗauki fensir ka fara, tun kafin littattafan nan su girma su soma saka ƙwai."