Ramin Murfin Tanki

Ana shirin kiran magariba Baballe ya shigo gidansu na haya a Agege yana tura babur, ya jiƙe sharkaf da gumi. Kwana uku ke nan mashin ɗin yana masa wannan wulaƙanci. Sai ya tashi lafiya, ya ɗan yi nisa, ya shaƙe ya mutu. In ya buɗe murfin tanki, iska ta ja "fuuu", ya sake tashi. Giya kuwa ta ƙi shiga ta biyu, ko ya taka da iya ƙarfinsa sai ya ji kamar an tokare ta daga ƙasa.

Ridwanu makaniki ya canja fulogi, ya wanke kafireto, ya saita kuloci, ya kwance sandar giyar ya shafa giris. Daga ƙarshe ya goge hannu ya ce, "Oga, abeg, wannan ba aikin sifana ba ne." Baballe tsaki kawai ya yi, don shi abin da bai gani ba bai yarda da shi ba.

Ya jingina babur ɗin a ƙarƙashin bene, inda ya taɓa shafe wata takwas a ajiye lokacin da aka matsa wa 'yan okada, wato 'yan acaɓa. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya. Maƙwabta suka leƙa lungu, babu kowa. Tsakar gidan da ba ta taɓa rabuwa da hayaniya ba ta yi tsit, har kaji suka shige akurki ba a kora su ba.

A nan ne Surayya, 'yarsa tilo, ta saki bokitin ruwa ta zube. Bakinta a buɗe yake, amma numfashi ba ya shiga. In ta ja sau ɗaya, sai ƙirjinta ya lotsa ya tsaya. Mahaifiyarta Talatu ta rungume ta tana salati. Baballe ya saurari wannan shaƙewar, ya gane irin ta babur ɗinsa ce.

Aka yi gudu aka kira Malam Ladan, limamin masallacin layin. Ya zauna kusa da kanta yana karatu a hankali, yana tofawa. Can yarinyar ta buɗe ido, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ku daina ƙona ni. Ba faɗa na zo ba."

"To me ya haɗa ki da marainiyar Allah?" in ji Malam.

"Ubanta ya kulle mini ɗa. Wata takwas muna zaune a tankin nan, ba mu taɓa wa kowa komai ba. Ɗan ramin da ke jikin murfi, nan ne ƙofarmu."

Baballe ya tuna. Ranar da zai koma aiki ana tafka ruwan sama, ya ga ramin, ya ji tsoron kada ruwa ya shiga mai, ya ɗiga masa kyandir.

"Ai ina buɗe murfin kullum," ya ce.

"Mu ta inda muka shiga muke fita. Kuma da bismillah ka liƙe. Da ba ka yi ba, da tuni na ɓalle shi da kaina."

"Giyar fa?"

"Ni na riƙe ta. In bar ka ka yi mini gudu da yaro har Iyana Ipaja? Yanzu babur ɗin nan ya zama nawa, in saki taku."

"A'a," in ji Malam Ladan. "Abincin gidan nan ne. Za a buɗe miki ƙofa, ki ɗauki naki, ki bar musu tasu, ki yi rantsuwa ba za ki dawo ba."

Leɓunan Surayya suna ta ƙara duhu. Daga bisani muryar ta rantse.

Talatu ta zaro allura daga bakin zanenta. Baballe ya karɓa ya durƙusa gaban babur. Ya yi bismillah ya soka a ramin murfin. Iska ta ja wani dogon numfashi, siriri kamar na jariri, sandar giyar ta sauka da kanta, ƙwas.

Surayya ta yi tari, ƙirjinta ya cika. Kafin ta lumshe ido, muryar ta sake fitowa, can nesa.

"Taka ko sallar isha'i ba ta kai ba, ka kusa haukacewa. Nawa kwana uku yana kirana."

Baballe ya dubi 'yarsa. Yana durƙushe da allura a hannu, hawaye suka zubo masa.