Tsuntsun da Kenta Ya Saki

Akwai wata yarinya a Samaru, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare. Yarinyar nan akwai ƙwaƙwalwa, amma fa akwai gaggawa. Kafin ka rufe baki ta ba ka amsa. Ko tuwo da zafinsa take kai shi baki, ta ƙone harshe, gobe ta sake.

Yayanta Cornelius ɗalibi ne a jami'a. Yana da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar injin markaɗe. Wata Asabar ya dawo daga shagunan PZ da ke Sabon Gari da faifan kwamfuta a hannu.

"Yaya, fim ne?" in ji yarinyar.

"Ba fim ba ne. Wasa ne daga Japan, amma babu harbi, babu tsere. Labari ne zalla. Za ki ga hotuna, rubutun Turanci na fitowa a ƙasa. In an zo wani wuri, sai a tsaya a tambaye ki abin da za ki yi. Ke ce mai zaɓa."

Ai kuwa nan take ta haye kujera.

Labarin wani aji ne da ke kiwon tsuntsu a keji. Wata safiya aka tarar da kejin a buɗe, tsuntsu ya tafi. A cikin labarin, ita ma 'yar ajin ce, kuma ita kaɗai ta ga wanda ya buɗe. Wani yaro ne mara yawan magana, sunansa Kenta.

Sai zaɓi ya fito. Ko ta faɗa wa malami, ko ta bi Kenta ta tambaye shi dalili.

Wace tambaya kuma? Ko karanta na biyun ba ta gama yi ba ta danna na farko. Aka hukunta Kenta. Ya ɗauki jakarsa ya bar makarantar. Wani kiɗa mai ban tausayi ya tashi, aka rubuta cewa labari ya ƙare.

"Shi ke nan?" ta ce. "Tabɗi!"

Cornelius ya leƙo. "Har kin gama?"

"Tuni!"

"Tsaya mana, ai irin wannan wasan..."

Ina! Ta riga ta kai ƙofar gida.

A makarantarsu akwai ƙungiyar masu karatu. Duk Juma'a Malama Dinatu takan sa ɗalibi ɗaya ya yi sharhin labarin da ya karanta. Wannan makon yarinyar ce a layi. Ta miƙe tana ta ƙwambo, don ba wanda ya taɓa kawo labari daga kwamfuta.

Ta ba su labarin tsaf. Sannan ta ce, "Ga hukuncina. Kenta mugun yaro ne. Labarin gajere ne, kuma ba ya koyar da komai. Kada kowa ya ɓata lokacinsa."

Aka yi mata tafi. Kanta ya ƙara girma.

Sai ga hannu ɗaya a sama. Chika ce, babbar ƙawarta, wadda suke zama benci ɗaya. Daga Sabon Gari take zuwa, kuma a shagon babanta Cornelius ya sayi faifan.

"Malama, ba haka ya ƙare ba," in ji Chika a hankali. "Ni ma na yi wasan. Kenta ba mugu ba ne, kuma bai bar makaranta ba."

Yarinyar ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Ƙarya kike yi! Da idona na gani. Don babanki na sayar da faifan shi ya sa kike yi masa talla!"

Aji ya kwashe da dariya. Chika ta sunkuyar da kai.

"Ya isa!" in ji Malama Dinatu. Ta dubi yarinyar. "Kalmar da kika faɗa tana da nauyi. Ki koma gida ki tabbatar. Mako mai zuwa zan sake jin sharhin nan."

Lokacin tara, Chika ta kwashe littattafanta ta koma bencin baya. Ita kaɗai ta ci ƙosanta. Yara kuwa har sun laƙa mata suna, wai Chika mai talla. Yarinyar ta ji ba daɗi, amma ta ce a ranta ai ita ce mai gaskiya.

Da ta koma gida ta zayyana wa Cornelius komai, tana jiran ya goya mata baya. Shi kuwa sai ya riƙe baki.

"Ƙarshe nawa kika gani?" ya tambaye ta.

"Haba Yaya, labari ai ƙarshe ɗaya ke gare shi."

"Ban da irin wannan. Abin da na so in gaya miki ke nan kika ruga. Zo ki zauna."

Suka sake farawa. Da zaɓin ya fito, ta danna na biyu.

Sai ga ta tana bin Kenta har saman benen makaranta. Can ya buɗe baki. Ashe mamarsa ta daɗe kwance a asibiti. Kullum tana kallon waje ta taga, ba halin fita. Shi kuwa duk sanda ya ga tsuntsun nan a keji, ita yake tunawa. Ya ce, "Na san na yi laifi. Amma ke a ganinki, wanne ya fi: ka ƙoshi a kulle, ko ka tashi sama da yunwa?"

Yarinyar ta jingina da kujera. Hawaye ya zubo mata.

"Wayyo, Yaya! Ashe ni ce ban tambaye shi ba."

"Chika fa? Kin tambaye ta?"

Nan ne kunya ta rufe ta. Mama, wadda ke jin su daga kicin, ta leƙo da muciya a hannu. "Kuka ba ya gyara wannan," ta ce. "Ran Lahadi in an tashi coci, yayanki zai raka ki Sabon Gari."

Haka aka yi. Suka hau bas har PZ. Suka sami Chika a shago tana jera faifai. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Chika, ki yi haƙuri," in ji yarinyar. "Gaskiyarki ce. Hanya ɗaya na bi, na ɗauka na ga komai."

Chika ta ci gaba da jera faifanta. "A gaban aji kika ce mini maƙaryaciya."

"A gaban aji zan janye."

Sai a sannan Chika ta ɗago. Murmushi na son ƙwace mata, tana dannewa.

Cornelius ya yi gyaran murya. "To, ku biyun, wa ya ga ƙarshe na uku?"

"Na uku?" suka faɗa tare.

Ashe ita ma Chika ba ta san da shi ba! Baban Chika ya yi dariya har da buga teburin shago. Ya kunna musu kwamfutar shago, ya aika aka sayo musu lemo. Suka matsu a kujera ɗaya. Duk zaɓin da ya fito sai an yi gardama. Sau da yawa hannun yarinyar ya kai zai danna, Chika ta riƙe shi ta ce, "Karanta tukuna!"

Ran Juma'a su biyu suka miƙe. Yarinyar ta fara. "Makon jiya na ce Chika ta yi ƙarya. Ba ta yi ba. Ni ce na yanke hukunci ban gama labarin ba. Kuma kada wanda ya sake kiranta da wancan sunan."

Daga nan suka yi sharhin tare. Da suka kawo tambayar Kenta, aji ya kaure. Wasu na bayan keji da abinci, wasu na bayan tashi sama. Aka yi ta roƙonsu su faɗi ƙarshe na uku, suka ƙi.

Malama Dinatu ta ce, "Yau kam na ji sharhi. Ku riƙe wannan, yara. Kada ku yanke hukunci kan labari sai kun kai ƙarshensa. Kada kuma ku yanke hukunci kan mutum sai kun tambaye shi."

Chika ta dawo bencinsu, suka raba ƙosai. Har yau yarinyar tana ƙona harshe da tuwo, wannan kam ya gagara. Amma in wata ta faɗi abin da ya saɓa wa nata, takan tsaya ta ce, "To, ke me kika gani?"