Gayyatar da Waya Ta Amsa

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Nazifi, kife wayar nan a kan tabarma, labarin ma a kanta yake. Kowa ya yi bisimilla a ransa.

Kun san Kawu Tasi'u, autan su Mama, wanda kuke yi wa dariya wai sai ya zuba wa bakin mutum ido kafin ya amsa gaisuwa. To yau za ku ji dalili.

Kafin a haife ku, aiki yake a Kakuri, can Kaduna, a wata tsohuwar masaƙa da ta daina saƙa. Manyan kamfanin duk sun tattara sun koma Legas. Abu ɗaya suka bari a tsohon ginin, babbar kwamfutar da ke riƙe da wasiƙunsu da kalandar taronsu. Saba suke ce mata. Sai Kawu, mai kula da ita. Maigadi yana can bakin ƙofa, da nisa. Daga shi sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki.

Ita sabar nan 'yar girman kai ce. Yarenta daban, ba ta jin maganar kowace manhaja sai ta kamfanin da ya ƙera ta. Manya kuma suna so su ga wasiƙunsu a wayoyinsu na hannu. Shi ne Kawu ya dasa wata ƙaramar manhaja a tsakani. Waya ta yi magana da yaren da kowa ya sani, ita ta juya wa saba. Saba ta amsa, ita ta juyo wa waya. Tafinta yake kiranta. Aibinta ɗaya, ba ta tambayar mai magana daga ina ya fito. Kowa ya ƙwanƙwasa, fassara masa take.

Ranar da yake gwajinta, ya saita wayarsa ta riƙa amsa duk gayyatar taro da kanta, don ya ga ko abin yana tafiya. Bai cire ba. Me zai cire? Ba wanda ke gayyatarsa ko'ina. A duk duniya mutum ɗaya ke kiransa, Inna kakarmu, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci.

Ummita, kin ɗauka da dare kawai mutanen ɓoye suke fitowa? Tsakar rana ta fi, lokacin da inuwar mutum ke ɓuya ƙarƙashin ƙafarsa.

Wata Laraba ce, rana ta take. Aka yi sallama a ƙofar ɗakin saba. Wani dattijo ne, siriri, cikin kaki mai guga irin na akawun da.

"Sannu da aiki, ɗan samari."

"Yauwa, Baba. Wa ake nema?"

"Kai."

Ƙasan ɗakin nan allunan katako ne da aka ɗaga, wayoyi na bi ta ƙarƙashi. Ko kyanwa ta taka sai sun yi ƙara. Dattijon ya tako har tsakiya, shiru. Kuma in zai yi magana, bakinsa ke fara motsi, sai can muryar ta biyo baya.

"Mun daɗe muna sallama a gidan nan," in ji shi. "Ba mai jin mu. Sai da ka kawo tafintan nan."

Wayar Kawu ta yi ɗan kuka a aljihu. Gayyatar taro ce, ɗakin taro na sama, yanzu. Kafin ya gama karantawa, ta rubuta an amsa.

Ku da kanku kun san abin da Inna ta sha faɗa mana, in ka ji kiran sunanka ba ka ga mai kiran ba, kar ka amsa. Shi bai amsa ba. Wayarsa ce ta amsa masa.

Ya bi dattijon sama. Ɗakin an daɗe da rufe shi, yana ta warin jemage, amma kujerun a goge suke, an jawo kowace baya kaɗan daga tebur. Bai ga kowa a kansu ba. Ya dai ji ana gyara zama.

Kuna jira in ce sun shaƙe shi ko? Ko kusa. Gaishe shi suka yi. Suka tambaye shi ya gida, ya jikin Inna, ko an yi ruwa a Malumfashi bana. Suka tambaye shi me ya ci da safe. Kawu ya ce mini ya manta rabon da wani ya tambaye shi abin da ya ci. Ya saki jiki ya yi ta zuba, har da dariya. Ni wannan wurin ne ke sa ni jin ƙwalla.

Da ya sauko, rana tana nan inda ya bar ta. Amma shayin da ya bari a tebur ya yi fumfuna. Ya duba waya, Asabar ce. Ga kiran Inna a jere, ba a ɗauka ba.

Ya kira ta nan take.

"Tasi'u, ina ka shiga? Na kwana ban runtsa ba."

"Aiki ne, Inna."

"Ni dai kar in kira wata Juma'ar in rasa ka. Kai kaɗai ne a can, ba wanda zan tambaya."

Yana ajiye wayar ta sake kuka. Wata gayyatar. Wannan ta kullum ce, za ta fara yau da azahar, kuma wurin ranar ƙarewa an bar shi babu komai. An amsa.

Ya danna ƙi. Saƙon ya bi ta tafinta ya dawo, an amsa. Ya sake dannawa, haka. Nan ya gane, in ladan ya kira azahar gayyatar nan tana kansa, ko da ya bar ginin, Inna za ta yi ta kira har ƙarshen ranta.

Hanya ɗaya ce ta rage, ya kashe tafintan. Ya san wasiƙun manya duk za su tsaya, aikinsa kuma ya tafi ke nan. Ya ja kujera gaban saba, ya ɗora yatsu. Sai ya ji sanyi a ƙeyarsa.

"Ɗan samari, mun yi maka wani laifi ne?"

"A'a, Baba."

"Waje wa ke nemanka?"

"Uwata."

"Mutum ɗaya. Mu muna da yawa."

"Ita ba ta da wani a nan sai ni."

Daga nesa aka ji ladan yana hura lasifika.

"In ka kashe, ba mai sake jin mu," in ji shi. Ba faɗa ya yi ba, roƙo ne.

"Ku yafe mini, Baba."

Kawu ya yi bisimilla ya danna.

Ya waiwaya. Dattijon yana nan tsaye, bakinsa yana ta motsi. Kawu ya jira muryar ta biyo baya kamar yadda ta saba. Ba ta zo ba. Bakin ya yi ta motsi, ya yi ta motsi, har dattijon ya gane. Sai ya rufe shi, ya matsa gefe ya ba shi hanya.

A bakin matakala ya tarar da turmin atamfa, sabo fil, mai zanen da masaƙar ta daina bugawa tun yana yaro. Yana nan a ƙasan akwatinsa har yau. Bai kai wa tela ba, bai kuma yar ba.

Manyan kamfanin suka sallame shi, ya dawo gida, Inna ta samu ɗanta har ta koma ga Allah a hannunsa. Na taɓa tambayarsa ko yana jin tsoronsu. Ya kalli bakina har na gama, sannan ya ce, "Shamsiyya, ba tsoro ba ne. Duk zamana a garin nan, su kaɗai suka taɓa gayyata ta."

To kun ji. In hanya ta kai ku Kakuri, kar wanda ya bi bayan tsofaffin masaƙun nan shi kaɗai, ko da rana tsaka. Kar kuma ku bar waya tana amsa kira a madadinku.

Nazifi, gobe in ka kai wa Kawu abinci, kar ka dire kwano ka juyo kamar yadda ka saba. Zauna. Ka tambaye shi me ya ci da safe.