Baƙon da Aka Kafe a Kunyar Barkono

Bazarar waccan shekara ta shigo ƙauyenmu na ƙasar Cheongyang da zafin da ba nata ba. Tun farkon watan Mayu kwanon rufi yake ƙara da rana kamar ana taka shi, karnuka suka bar haushi, suka shige ƙarƙashin dakalin katako. A cikin wannan zafi Iya Malsun, mai shekara saba'in da shida, wadda take zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta, ta dasa barkononta a kudancin tsakar gida. Kunya huɗu, gindi sittin, kowane gindi da sandar ƙarfen da ta kafa masa don kada iska ta kwantar da shi. Irin na uwar mijinta ne, ba a samunsa a kasuwa.

Ba a tona ƙasa a inda Baƙo, aljanin nan mai yawo, yake zaune, wannan ko jariri ya sani. Bisa kwanan wata yake yawonsa: kwana biyu a gabas, biyu a kudu, biyu a yamma, biyu a arewa. Ran tara da goma yakan hau sama, sai kowa ya yi aikinsa. Iya Malsun ta tsaya gaban kalandar bango, ta duba ƙananan lambobin watan da ke ƙarƙashin manya, ta ce tara ce, babu Baƙo. Ta ɗauki fartanya.

Ran nan da yamma 'yarta Jeongnim ta iso daga birnin Daejeon da maganar da ta saba zuwa da ita: akwai ɗaki a gidanta, hawa na goma sha biyu, an riga an sa gado.

"Mun yi alkawari, Inna. Ranar da kika fara kasawa, tafiya za mu yi."

"Ga kunya huɗu can, je ki tambaye su wa ya kasa. Riƙe mini mesa."

Suna ban ruwa rana ta faɗi bayan dutse. Iska ta tsaya cak. Kwaɗin gonakin shinkafa, waɗanda ba sa rufe baki a irin wannan lokaci, suka yi tsit gaba ɗaya, har ana jin ƙasa tana shan ruwa. Sai dutse ya sauka a kan kwano. Bai gangaro ba. Na biyu ya fasa murfin randar miya. Na uku ya faɗo tsakanin ƙafafun Jeongnim, ta sunkuya ta taɓa shi, ta ji shi da sanyi kamar daga rijiya aka ciro shi, a ranar da ko ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa don zafi.

Da safe rabin ƙauye ya ce ni ne. Ban yi musu fushi ba, a jifa na yi suna a ƙauyen. Amma da ni ne, da randar kanta zan samu, ba murfi ba.

Almuru na biyu jifa ya ƙaru. Almuru na uku babu jifa ko ɗaya, kuma wannan ya fi muni. Jeongnim ta ajiye cokali ana tsakiyar cin abinci, ta fita ba takalmi, ta je ta zauna a bakin kunya ta biyu, ta riƙe gefen rigarta da hannu biyu tana ja, kamar wadda ƙaya ta kama. Maza uku suka ɗauke ta zuwa ɗaki. Ta rarrafo ta dawo. Aka kafa mata rumfa. Likita ya zo ya sa mata ruwa a jijiya, ta fizge allurar. Kwana biyu cikin wannan rana ba ta sha ko ɗigo ba, leɓenta ya tsattsage, idonta yana kallon yamma.

Maƙwabta suka ce wa Iya Malsun ta tumɓuke barkonon, ƙila abin ya lafa.

"Ran tara na dasa," in ji ta. "Ban taka kowa ba."

Ran takwas ga wata aka ɗauko Malam Pyo daga bayan dutse. Tsoho ne siriri, mai karatun zaune, wanda ba ya rawa ba ya tsalle, sai ganga a dama, kuge a hagu, da littattafan da ya haddace tun yana saurayi. Ya yanka farar takarda ya rataya a igiyar shanya, ya ajiye shinkafa da ƙwaryar giyar shinkafa a kan ƙaramin tebur, ya zauna yana fuskantar Jeongnim. Ni na riƙe fitila, kuma duk wanda ya ce muku ta yi rawa, iska ce.

Ya fara karatu rana tana ja. Muryarsa tana tafiya a hankali, ganga tana bin ta. Inuwar sandunan sittin ta miƙe har ta hau bango. Da hasken ƙarshe ya bar kan dutse, sai Jeongnim ta buɗe baki, muryar wani tsohon matafiyi ta fito, busasshiya, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.

"Ya isa haka. Ka cika mini kunne."

Malam Pyo ya ɗora hannu a kan gangar. "Wane ne a gidan mutane?"

"Ka san ni. Yamma ta jira ni, ban je ba. Arewa tana jirana."

"Me ya hana ka tafiya, ranka ya daɗe?"

"Ina zaune a kudu, a ranata, tsohuwar nan ta kafa ƙarfe a gefen rigata."

Wata mata ta saki salati irin namu, ta ja da baya. Malam Pyo ya tambayi Baƙo abin da yake so. Baƙo ya ce a tumɓuke gindi sittin ɗin duka, a bar kudancin gidan ba shuka har abada, sannan ya saki yarinyar.

"Ko ganye ɗaya," in ji Iya Malsun.

"Iya, a hankali," in ji Malam Pyo. "Ba a yi masa magana haka."

"Shi baƙo ne ko mai gida?" Ta matso har gaban 'yarta, ta dafa ƙugu. "Shekara hamsin da huɗu ina kauce maka a gidan nan. Ka zauna gabas, na koma yamma. Ƙusa ban taɓa bugawa ba sai na duba inda kake. Yau ka ce in ba ka tsakar gidana? Wane baƙo ne ake ba shi tabarma ya ce a rushe ɗaki?"

Wani dutse ya sauka kusa da ƙafarta. Ba ta ko duba shi ba.

Malam Pyo ya yi ta lissafi da babban yatsa a kan gaɓoɓin sauran yatsunsa, sannan ya ce, a natse, kamar mai tambayar farashin wake, "Gobe tara. Da asuba ake kiran suna a sama, ko ba haka ba? Me za ka ce musu? Sandar barkono ta riƙe ka?"

Fitila ta fara tara ƙwari.

"Sanda ɗaya ce," in ji muryar daga baya, ta ɗan sauko. "Zan faɗi wacce. Amma sai ta faɗi ranar da ta tona ni, da bakinta, da dalilin da ya sa. 'Yarta tana nan ciki, tana ji."

Aka ciro kalandar daga bango. Malam Pyo ya ɗora yatsa a kan ranar dashen, ya miƙa wa Iya Malsun. Ni da na bar makaranta tun ban gama ba, daga inda nake tsaye na ga lambar sarai. Ita kuwa ta kai takardar kusa da hanci, ta nisanta ta, ta sake kawowa. Duk wanda ke tsakar gidan ya gane. Kuma duk mun san alkawarin da ke tsakaninta da 'yarta, da gadon da ke jira a hawa na goma sha biyu.

Ta ajiye kalandar. Ta dubi leɓen Jeongnim, wanda jini ya bushe a kansa.

"Huɗu ce," in ji ta. "Na gan ta tara. Shekara biyu ke nan ƙananan lambobi ba sa tsaya mini. Na faɗa, kowa ya ji." Ta ɗaga murya. "Amma in kana zaton wannan zai fitar da ni daga gidan nan, ka yi kuskure. Kai ne mai yawo, ba ni ba."

Wata dariya ta fito daga bakin Jeongnim, gajeriya, ba daɗin ji.

"Kunya ta biyu. Sanda ta bakwai."

Maza suka taso, ta kore su da hannu. Ta bi sandunan tana lalube tana ƙirgawa, ta kama ta bakwai, ta ja. Ta ƙi. Ta kafa ƙafa, ta yi nishi, ta sake ja, sai aka ji wani abu ya yage a ƙarƙashin ƙasa kamar tsohon ƙyalle. Takardun igiya suka tashi tsaye. Ƙwaryar giya ta wofinta ba wanda ya taɓa ta. Karnukan yammacin ƙauye suka ɗauki haushi, can kuma na arewa suka amsa, kamar wani yana gudu yana cike gurbin da ya bari. Sannan kwaɗi suka dawo.

"Inna," in ji Jeongnim da muryarta, "ruwa."

Kwana ɗaya ta yi a kwance. Ran goma da safe Iya Malsun tana ban ruwa, ta juya wa ɗaki baya, tana jin 'yarta tana buɗe jaka tana rufewa. Ba ta waiwaya ba. Jeongnim ta daɗe a ciki. Da ta fito, kalandar ce a hannunta, ta bi kowace rana har ƙarshen shekara da baƙin alƙalami mai kauri, lambobin wata manya-manya kamar tafin hannu. Ta tsaya a bakin dakali ta ɗaga ta sama.

"Inna, yau nawa?"

Tsohuwar ta waiwayo daga can ƙarshen kunya.

"Goma. Sai ka ce allon tashar mota."

"To babu Baƙo. Mayar da sandarki, gindin ya fara kwanciya." Ta rataya jakarta ita kaɗai. "Amma da kaka zan dawo da maganar nan."

"Dawo da buhun da za ki zuba barkono," in ji Iya Malsun, ta ɗauki guduma.