Kibiyar da Ke Bin Jini

A can wani zamani, a wata ƙasa bayan duwatsu, akwai wata baƙar kibiya da aka ɓoye cikin rijiya. In ta kashe mutum, ba ta tsayawa. Sai ta bi ɗansa, ta bi ɗan'uwansa, ta bi duk wanda ya haɗa jini da shi.

Wata rana sarkin ƙasar ya fusata da sarkin ƙetaren kogi. Ya sa aka fito da kibiyar, aka miƙa wa wani tsohon maharbi. Kibiya tana huci, tsuntsaye suka yi tsit.

Sarki ya ce, "Harba!"

Maharbi ya ɗana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, uwar sarkin ƙetaren nan 'yar masunta ce. Masunta sun aurar wa maƙera, maƙera sun aurar wa manoma."

"Harba, ko a sare kanka!"

Maharbi ya durƙusa, ya ajiye baka. "A sare, ranka ya daɗe, ni kaɗai zan mutu. Amma kakarka fa? Ba daga ƙetare aka auro ta ba?"

Sarki ya dubi kibiyar. Tsininta ya riga ya juyo, yana fuskantar ƙirjinsa.