Rawayan Fenti a Kan Noti

Sifanar ɗaure noti na koma ɗaukowa. Gab da magariba ne, ma'aikata duk sun watse.

Zauren wasan kwaikwayo muke kafa wa wata makaranta. Ƙarafan a yanke suke zuwa daga kamfani, kowanne da lambarsa, namu haɗawa ne da ɗaure noti. Ƙa'idar aikin, duk notin da ka ɗaure sai ka ɗiga masa fenti don a san hannun wane ne. Nawa shuɗi. Na Yaya rawaya.

Kwana ashirin ke nan da muka binne Yaya. Zazzaɓin kwana biyu ne ya ɗauke shi. Ban yi kuka ba. Ina ci, ina aiki, in an yi mini gaisuwa in amsa, amma ba na jin komai.

Ina shiga zauren na ji warin ɗanyen fenti.

Daga sama, saitin dandamali, ƙarfe ya yi ƙara. Ƙas. Ƙas. Irin ta sifana in noti ya kama.

Na ɗaga kai. Notocin da muka bari sai gobe, duk da ɗigon rawaya a kansu.

"Auta," aka ce a hankali. "Hawo ka riƙe mini nan, sarkin nawar aiki."

Muryarsa ce, har da tsokanar. Ban ji tsoro ba, gaskiya. Na ɗaura bel, na maƙala ƙugiyar igiyar tsaro, na hau tsani kamar kowace safiya.

Ƙarfen ya yi sanyi ƙalau, alhali ya wuni a rana. A can ƙarshensa wani na zaune ya ba ni baya, sanye da hular kwanon Yaya.

Na taka. Na sake takawa. Igiyar ta ƙare.

"Cire ƙugiyar. Taku uku ne kawai."

Hannuna ya kai kanta. Har na danna.

Sai na tsaya. Shekara tara muna aiki tare, sau ɗaya Yaya ya taɓa marina, ranar da na cire ƙugiya a sama.

"Kai ba yayana ba ne," na ce.

Ƙarar ta ɗauke.

Kan ya fara juyowa. Kafaɗun ba su motsa ba.

Na yi baya, ƙafata ta zame. Igiyar ta fizge ni, haƙarƙarina biyu suka karye. A nan maigadi ya same ni ina lilo, ina kiran sunan Allah.

Da safe injiniya ya gwada notocin nan. Ko ɗaya ba a ɗaure ba, fenti ne kawai.

An buɗe zauren bana. 'Yar Yaya tana cikin masu waƙa, na zauna a baya na saurara. Na daina hawa sama, a ƙasa nake jera ƙarafa da lamba.

Sai daga baya kukan ya zo mini, kuma ba na tsoro ba ne. Na san ba shi ba ne. Amma tun ranar, ba wanda ya sake ce mini Auta da wannan murya.